Katunan da Na Ɓoye wa Likita

Wasu daga cikinku sun rubuto suna cewa ni na kashe ƙafar 'yata. Wata baiwar Allah ma ta ce da ita ce matata da tuni ta tattara kayanta ta bar mini gidan. Ban yi fushi ba. Abin da kuka faɗa bai kai rabin wanda nake faɗa wa kaina ba. Roƙona ɗaya, ku bari in ba ku labarin wannan makon tukuna, sannan ku yanke mini hukunci gaba ɗaya.

Ga wanda yau ya fara karantawa: ni mai gyaran fanka ne da dutsen guga, shekara ashirin da shida a ɗan shago ɗaya. 'Ya'yana huɗu, uku maza, sun yi nisa wurin neman abinci, sai mace ɗaya, Auta. Shekararta ashirin da huɗu, tana koyar da ƙananan yara. Wata biyar da suka wuce babur ya buge ta tana dawowa daga aiki, ƙashin ƙwaurinta na hagu ya karye har ya huda fata. Aka yi mata aiki, aka sa ƙarfe. Wurin ya kama ruwa, ƙashin ya ƙi haɗuwa. Da makon nan ya shigo, maganar da ake yi ita ce ko ƙafar za ta zauna, ko za a yanke.

A sana'armu ba abin da muka tsana kamar a kawo mana fankar da wani ya riga ya buɗe. Da na ga alamar hannun wani a jikin ƙusa, sai in mayar da murfin in ce, “Koma wurin wanda ya fara.” Masu wayo sun gane ni, sai su rantse ba wanda ya taɓa ta, ni kuma in zauna in yi musu aiki da zuciya ɗaya. Da wannan kan na shiga asibiti. Na ɗauka likita ma mai gyara ne kamata, in ya ji wani ya riga shi, zai yi mana aikin gani-da-ido ya sallame mu.

Asibitin farko, na bayan tasha, inda aka yi aikin, kafso ja da rawaya suke ba kowa, da mai ƙuna da mai karaya. Kwana huɗu zazzaɓi bai sauka ba, na ɗauke ta. Ni a wurina in ka canza abu fanka ba ta juya ba, to ba shi ne ba. Na biyu, na wani likita mai zaman kansa, su allura suka yarda da ita, safe da yamma. Na ce masa, “Tun da aka yi aikin ba ta sha komai ba sai maganin ciwon jiki.” Kwana shida ta ji sauƙi, hannunta ya kumbura saboda huji, tana kuka, na ce ya isa haka. Bayan mako biyu ruwa ya dawo da wari. Na uku su ƙarin ruwa ne, magani biyu a leda ɗaya. Su ma abin da na faɗa musu ke nan. Katunan asibiti na biyu da na uku da takardun magungunansu na naɗe su na cusa a ƙasan akwatin aikina, ƙarƙashin tsofaffin wayoyi.

Duk wannan ana yi, yaron da ke neman aurenta ba ya gari. Ɗan Tabarau take ce masa, mu ma muka bi ta. A ɗakin gwaji na babban asibiti yake aiki, sun tura shi ƙaro karatu na wata huɗu. Auta ta ɓoye masa don kada ta raba masa hankali ga jarrabawa. Kullum sai ta rubuta, “Ƙafa na ta sauƙi, ka yi karatunka.” Sau ɗaya ya turo mini saƙo, har yau yana cikin wayata: “Baba ina wuni. Don Allah in wurin ya yi ruwa, a ɗebi ruwan a gwada kafin a ba ta kowane magani.” Na karanta na ce a raina, ji yaro, bai shigo gida ba ya fara koya mini riƙon 'yata. Na amsa masa da “To madalla.”

Ranar da ya dawo ya ga ƙafar, bai ko ajiye jakarsa ba, ya sa aka kawo ta babban asibiti. Likitar ƙashi ta tambaye ni me ta sha a baya, na ce kafson asibitin farko kawai. Auta na kwance tana jina. Ta dube ni, ta sunkuyar da kai, ta rufa mini asiri.

To, ranar Litinin ɗin nan da safe na shiga ɗakin da take. Gado takwas ne, nata na kusa da taga. Uwarta ta shimfiɗa mata zanin gado na gida mai furanni shuɗaye, don ta ce na asibiti warin magani yake. A kan ɗan akwatin gefen gado akwai fulas ɗin shayi, da lemu uku da ba ta taɓa ba, da katin da 'yan ajinta suka zana mata, mace mai dogayen ƙafafu kamar sanda. Tana sanye da doguwar riga ruwan toka da ta yi mata yawa yanzu, wuyan ya zame gefe, ƙashin kafaɗarta a waje. Fankar da ke sama tana ƙara a kowane juyi. Na san abin da ke damunta, minti goma ya ishe ni. Kwana goma sha biyu ina kallonta ba wanda ya ce in taɓa.

Yayata ta riga ni zuwa. Ta zauna daram a kujera ɗaya da ke wurin, mayafinta ya sha turare har ya danne warin ɗakin.

“Yauwa, ga mai 'ya,” ta ce. “Kai ƙanena, zama za ka yi su yanka yarinya kamar ba ta da dangi? Akwai wani asibiti can bayan gada, ɗan maƙwabciyata allura ɗaya aka yi masa ya miƙe.”

“Yaya, shi me ya same shi?”

“Oho, ciwo dai. Ciwo ai ciwo ne.”

“Gwaggo, basir ne fa,” in ji Auta da ƙaramar murya. “Ke kika ba mu labari.”

Matar gado na gaba ta ƙyalƙyale da dariya har ta riƙe ɗinkinta. Yaya ta harare ta, ta juyo kaina.

“Ku yi ta dariya. Shi kuma wancan mai ido huɗun, kuna ganin zai tsaya? Ranar da aka taɓa ƙafar nan, ko ƙurarsa ba za ku gani ba. Ɗauke ta yau, tun da sauran dama.”

Masu karatu, ba zan yi muku ƙarya ba, zuciyata ta motsa. Har na fara lissafin wace mota za ta ɗauke ta a kwance. Kun ga irin mutumin da nake.

Sai ga shi ya leƙo, da farar rigar aikinsa, biro biyu a aljihu, tabaran ya zamo kan hanci. Ya durƙusa ya gaida Yaya, ta amsa da hanci. Ya yi wa Auta murmushi ya ce, “Malama, yau ma ba a sha lemun ba? Zan kai ƙara wurin 'yan aji.” Sannan ya ce, “Baba, minti biyu don Allah.”

A baranda ya fito da waya ya nuna mini hoto. Wani ɗan faranti ne na gilashi, fuskarsa ta yi hazo kamar madarar da ta kwana, an jera ƙananan fararen ɗigo a kai kamar maɓallan riga.

“Wannan hazon ƙwayar cutar da ke ƙafarta ce, mun shuka ta ta tsiro. Kowane ɗigo magani ne daban. In magani na kashe ta, za ka ga fili fes kewaye da shi. Duba, Baba.”

Na duba. Ɗigo goma sha biyu, hazon ya rungume kowanne har wuya. Ba fili ko na ƙwayar shinkafa.

“Ba ta jin ko ɗaya?”

“Ko ɗaya. Abin da ya ɗaure mana kai, ni da likita, shi ne ta san magungunan da mu ba mu taɓa ba ta ba. Ka san kowane asibiti da hannunsa. Wani wurin magani ɗaya suke zuba wa kowa shekara da shekaru, ƙwayoyin cuta masu rauni su mutu, masu taurin kai su rage su hayayyafa, har a jikin gado da famfo. In mun san inda mutum ya kwanta da abin da aka ba shi, mun san irin abokin gabar da muke nema. Amma kafso na kwana huɗu bai isa ya yi wannan ba.” Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. “Baba, ba wani abu da ta sha a gida? Ko na kemis ne, ba laifi ba ne.”

Na buɗe baki, ƙaryar ta zo har kan harshena, don ta saba hanya. Sai na hango Auta ta taga, ta juya fuska bango don kada ya ga idonta.

Na ce, “Jira ni.”

Na tafi shago da ƙafa, ban ma tuna da abin hawa ba. Na zazzage akwatin a ƙasa. Katunan sun sha baƙin mai, gefen ɗaya ya jiƙe, amma rubutun na nan. Da azahar na same su su biyu a ofishin likitar, wata mace mai furfura a gaban goshi, takalminta shimfiɗaɗɗe na roba. Na ajiye takardun a kan tebur na ja baya na tsaya, ina jiran ta ce in koma wurin wanda ya fara.

Ba ta ce ba. Ta jera su ɗaya bayan ɗaya bisa kwanan wata, ta sa yatsa tana bi. Ta daɗe. Ɗan Tabarau ya leƙa ta kafaɗarta, bai dube ni ba.

“Zauna, Malam,” ta ce. “Me ya sa ka ɓoye?”

Na gaya mata maganar fanka. Ina faɗa ina jin yadda take fita daga bakina kamar zancen yaro.

“Mu a nan akasin haka ne,” ta ce, ba tare da ɗaga murya ba. “Wanda ya riga ni shi ne idona. Ka ga wannan allurar ta asibiti na biyu? Ita na sa mata ranar da kuka zo, kafin gwaji ya fito. Da ta ƙi, na koma wannan, ga shi kuwa na uku sun riga sun ba ta. Kwana goma sha biyu ina jefa mata abin da cutar ta riga ta haddace, ita kuma tana cin ƙashi tana hawa.”

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

“Ba naka ne kai kaɗai ba,” ta ci gaba. “Wurare uku, ba wanda ya ɗebi ruwan ya gwada, kowa ya miƙa hannu ya ɗauko abin da ya saba. Ba wanda ya sake tambayarka sau biyu. Ni ma ban sake ba. Amma yanzu ba rabon laifi ne a gabanmu ba. Saura magani ɗaya da ba mu gwada ba, tsoho ne, yana taɓa ƙoda, shi ya sa ake ajiye shi can ƙarshe. Za a gwada shi a ɗakin gwaji, Laraba mu ji. In cutar ta ji shi, za mu yi faɗa. In ba ta ji ba, na riƙe mata wuri a ɗakin tiyata ranar Alhamis da safe. Ƙasa da gwiwa. In muka wuce haka, ba ƙafa za mu riƙa magana a kai ba.”

A waje na kama hannun rigarsa.

“Ka faɗi abin da ke ranka, ɗana. Ka turo mini saƙo, na raina.”

“Baba, aiki na jira na,” ya ce. Ya zare hannunsa a hankali ya tafi. Wannan ne karo na farko da ya bar gabana bai durƙusa ba.

Ranar Talata Yaya ta bugo sau shida ban ɗauka ba. Ta turo saƙon murya, na ji rabinsa: wai an ce mata na zubar da mutuncin gida a gaban suruki, kuma motar bayan gada na nan in na dawo hayyacina. Uwar Auta kuwa tun da na gaya mata maganar Alhamis ba ta ce mini komai ba sai “Ga shayinka.” Ta san da ƙaryar tun farko, ni na ce su bar ni in yi magana, don na fi su sanin yadda ake bi da masu aiki. Shekara talatin tana bin maganata. Yanzu in na shigo sai ta tashi ta tafi wanke kofin da ba shi da datti.

Da la'asar aka bar ni da Auta. Zazzaɓi ya ɗan sake ta. Ta miƙo mini wayarta mai fasasshen gilashi tun ranar haɗarin.

“Baba, idona na yaji. Karanta mini abin da ya rubuto.”

“Ni? Saƙonku?”

“Ai ba abin kunya a ciki. Shi ko soyayyarsa kamar takardar sakamako take.”

Na karanta. A sama na ga nata na safe: “Na sake ka. Ka nemi mai ƙafa biyu, kada tausayi ya riƙe ka. Na ji abin da ƙanwarka ta ce Mamarku ta faɗa a kaina, kuma gaskiyarta ce.” A ƙasa ya amsa: “Ba a sakin wanda ba a aura ba, Malama. Ki sha lemu.” Bayan awa ɗaya ya ƙara: “Ina fushi, amma ba da ke ba. Ki ba ni zuwa gobe.” Na ƙarshe kuma: “Na shuka da hannuna. Na yi sau biyu don kada in yi kuskure.”

Ta yi ɗan murmushi, hawaye ya bi ta gefen ido ya shiga kunnenta.

“Auta, me ya sa ba ki tona ni ba ranar farko?”

“In ce wa likita ubana maƙaryaci ne, a gabansa?” Ta ja numfashi. “Na ɗauka ƙaramin abu ne, Baba. Ni da nake koya wa yara kada su yi ƙarya. Kai ka ɓoye katin, ni na ɓoye masa ciwon wata huɗu. In rabo za a yi, ka bar mini nawa.”

“Ba ki da komai a ciki.”

“To kada ka kai ni wani wuri kuma. Ko Gwaggo ta zo da jirgi. Na gaji da sababbin fuskoki. In yanka ne, a yanka a nan.”

Na ce mata to. Ban san ko alkawari na yi mata ba ko sallama.

Laraba tun ƙarfe takwas na zauna a bencin baranda, inda ake hango ƙofar ɗakin gwaji daga nesa. Na sa farar rigata mai tsabta, ban san dalili ba. Nas-nas suka wuce da keken magani, mai shara ta ce in ɗaga ƙafa na ɗaga, aka fito da wani dattijo an sallame shi, iyalansa na ta godiya. Kowa ya fito da farar riga sai in miƙe, in sake zama. Tara ta wuce. Goma ta wuce.

Goma da rabi ya fito. Ba farar riga a jikinsa, ba takarda a hannunsa. Shuɗiyar rigar da ya sa ranar da ya fara zuwa gaishe ni ce, an goge ta har karin guga ya fito. Yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ruwa a faranti. Da ya iso bai zauna kusa da ni a benci ba. Ya durƙusa a kan simintin, gwiwa biyu, mutane na wucewa suna kallo.

“Baba, ina kwana.”

“Lafiya lau. Yaya... yaya aikin?”

Idonsa ja ne bayan tabaran.

“Baba, na zo roƙo ne. Na yi magana da kawuna, ya yarda zai zo da mutum biyu. Ina so a ɗaura mana aure yau, ko da a masallacin asibitin nan ne. Kafin gobe da safe.”

Kafin gobe da safe. Ban tambaye shi sakamako ba, bai kuma faɗa ba. Gobe ce Alhamis ɗin da likita ta riƙe wuri a ɗakin tiyata.

“Mahaifiyarka fa?”

“Za ta yi kuka, za ta haƙura, ko kuma ba za ta haƙura ba. Ni dai so nake in ta farka, ta tarar da mijinta a bakin gado, ba mai tausayinta ba. In na bari sai bayan an yi, ba za ta taɓa yarda don ita na zo ba.”

“Ni fa? Ka yafe mini?”

Ya gyara zaman tabaransa.

“Ban kai nan ba tukuna, Baba. Ba zan yi maka ƙarya ba. Amma kai ne ubanta, wurinka zan roƙa.”

“Ita ta sani?”

“A'a. Likita ta so ta gaya mata, Auta ta ce kada kowa ya faɗa mata komai. Ta ce ko mene ne, daga bakinka take so ta ji.”

Na tashi. Daga bencin zuwa ƙofar ɗakinsu taku ashirin ne, na yi su kamar an ɗaura mini buhu a kowace ƙafa. A bakin ƙofa na tsaya.

An yi mata wanka, ta ɗaura ɗankwali ruwan hoda, ta ɗan shafa hoda a fuska. An yaye zanin daga kan ƙafar hagun. Uwarta na zaune a ƙarshen gado, ta ɗora ƙafar a cinyarta da bandejin da komai, ta sunkuya tana yanke mata farce, yatsa bayan yatsa, tana hure wurin a hankali kada ta ji zafi.

Auta ta ɗago ta gan ni. Ta dubi fuskata, ta dubi hannuwana, ta sake duban fuskata.

“Baba, shigo mana,” ta ce. “Mama, ƙarasa. Saura ɗan ƙaramin.”